Ba a Cin Uwar Zane: Lacca Kan Ƙera Jiragen Ruwa na Wasan Tebur

 

Na san tun da aka faɗi abin da zan yi magana a kai, wani ya ce a ransa: mu da tsakaninmu da teku sai an yini an kwana a mota, me ya haɗa mu da jirgin ruwa, balle na wasa? Ban ga laifinsa ba. Roƙona kawai ya ba ni aron kunnensa, domin jirgin nan da bai wuce tsawon yatsa ba yana ɗauke da darasin da mai zanen katin biki, da mai buga kalanda, da mai tsara kwalin sabulu duk suke bukata. Darasin kuwa shi ne sanin abin da ke canjawa a cikin aiki da abin da ba ya canjawa, da raba wa kowanne ɗakinsa.

Bari in fara da wasan kansa. A shekarar 2004 wani kamfanin Amurka mai suna WizKids ya fitar da wasan tebur da ya kira Pirates of the Spanish Main, wato wasan 'yan fashin teku na zamanin jiragen da iska ke turawa. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ba a sayar maka da jirgi a haɗe. Fakiti za ka saya, ka tarar da katunan roba masu kusan girman katin banki, an riga an tsaga su. Kai za ka ɓalle gutsattsarin da yatsa: gefen dama, gefen hagu, daɓen jirgi, sai ginshiƙai masu ɗauke da ƙyallen iska. Ka soka wannan cikin wancan, ba gam ba ƙusa, sai ga jirgi ya tsaya a kan tebur. A jikin kowane ginshiƙi akwai hoton ƙwayar ludo mai nuna ƙarfin igwarsa: fara ta kusa ce, ja ta nesa. In abokin karawa ya harbe ka ya samu, sai ka zare ginshiƙi ɗaya ka ajiye. Hatta ma'aunin tafiya daga katin aka ɗauko shi, domin dogon gefensa da gajeren gefensa su ne awon da jirgi ke tafiya da shi a kan tebur.

A ƙarshen 2008 kamfanin Topps, wanda ya mallaki WizKids a lokacin, ya rufe shi. Wani kamfanin ya saye sunan a 2009, amma jerin sababbin jiragen da aka saba gani bai dawo kamar da ba. Masu wasan kuwa ba su watse ba. Suka shiga ƙirƙiro jiragensu, da sunayensu, da tutocinsu, da dokokinsu. Irin wannan ta sake faruwa da wasan jiragen sararin samaniya na X-Wing, wanda ya fito a 2012, masu shi kuma suka sanar a 2024 cewa sun daina fitar masa da sababbin kaya. Duk wasan da kamfani ya saki, ko dai ya mutu, ko ya koma hannun masu son sa. Abin da ke raba waɗannan hanyoyi biyu, a ganina, ba yawan masoya ba ne. Shi ne ko a cikinsu an samu mai haƙurin da zai zauna ya yi abin da nake kira uwar zane.

Mece ce uwar zane?

Ɗan kasuwa ya san uwar kuɗi, ya san riba. Riba ake ci, uwa kuwa a bar ta ta ci gaba da haihuwa. Haka uwar zane take: fayil ne guda da ke riƙe da siffar jirgi da awonsa, da inda za a yanka, da inda ado zai zauna, amma shi kansa ba jirgin kowa ba ne. Ba shi da suna, ba shi da tuta. Daga gare shi ake kwafo ɗa, a sa masa launi, a raɗa masa suna, a buga. Gobe a sake kwafo wani.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Kafin mai ɗinki ya soka allura a babbar riga, mai zane ne ke fitar masa da aska takwas ko aska biyu a jikin yadi. Zare na iya zama fari ko kore, yadi na iya zama shadda ko saƙi, amma tsarin askar yana nan yadda aka gada.

A fagen jiragen wasa ma abin ya tsufa. A 1898 wani Bature ɗan Ingila, Fred Jane, ya wallafa littafin da ya tattara siffofin jiragen yaƙin duniya, littafin da har yau ake sabunta shi da sunansa. Ya kuma ƙirƙiro wasan yaƙin teku inda ake buga hoton gefen jirgi a takarda, mai harbi ya doke ta da wani ɗan katako mai tsinin allura, inda allurar ta huda nan harsashi ya sauka. Takarda ta lalace a jefar, a ɗauko wata, domin zanen asali yana nan. A 1917 kuma, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai zane Norman Wilkinson ya shawo kan rundunar ruwan Ingila a riƙa yi wa jirage fenti mai ratsi-ratsi da karkace-karkace, don mai leƙe daga jirgin ƙarƙashin ruwa ya kasa gane inda jirgi ya dosa. A Landan ake fara gwada kowane tsari a jikin ƙananan jiragen katako, a leƙa su ta madubin leƙe, in ya yi sai a zana shi a takarda a aika tashoshin jirage, masu fenti su bi. Ku riƙe abu ɗaya daga wannan labari, zan dawo kansa: adon gefen dama daban yake da na gefen hagu.

Awo kafin ado

Aikin farko ba ya bukatar basirar zane ko kaɗan, haƙuri yake so. Ka samo katin jirgi na asali, zai fi kyau wanda ba a ɓalle ba. Ka kwantar da shi a kan sikana, ka ajiye rula a gefensa, ka ɗauka da ɗigo 600 a kowane inci. Kada ka ɗauka da waya. Kyamarar waya tana kumbura abin da ke kusa da ita, ta tsuke na nesa, kuma hannu ba ya taɓa daidaita sarai. Karkatar da ido ba zai gani ba ta isa ta hana ginshiƙi shiga raminsa. Rular nan kuwa ita ce shaidarka: in ka buɗe hoton a kwamfuta, ka tabbata santimita ɗaya a jikinta santimita ɗaya ce a cikin fayil.

Daga nan sai bin layi. Hotuna a kwamfuta iri biyu ne. Akwai na ɗigo-ɗigo, irin wanda kyamara da sikana ke bayarwa, wanda in ka ja shi ya yi girma sai ya dushe ya farfashe. Akwai kuma na layi, wanda kwamfuta ke riƙe shi a matsayin umarni: tashi daga nan, lanƙwasa haka, tsaya can. Wannan ko ka mai da shi girman allon talla bakinsa na nan da kaifi. Layin yanka dole ya zama irin na biyu. CorelDRAW da yawancin shagunan ɗab'inmu ke aiki da ita tana yi, Inkscape ma tana yi, ita kuma kyauta ce. Ka bi gefen kowane gutsure da hannunka. Kada ka bar wa manhaja ta bi maka, domin za ta kwashe har inuwa da ƙurar da ke kan gilashin sikana ta ce layi ne. Inda gefe biyu suke tagwaye, ka zana ɗaya ka juya shi ya ba ka ɗayan, ta haka ba za su saɓa ba.

Sai tsaga da harshe, wato ramin da ake sokawa da abin da ake soka masa. A nan yawancin masu farawa ke faɗuwa. Faɗin tsaga ba ra'ayi ba ne, kaurin abin da za ka yanka ne ke yanke shi. Katin banki kaurinsa milimita 0.76 ne. Takardar ofis ta yau da kullum kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ce. In ka manna takarda gaba da baya a jikin roba, ka ƙara mata kusan milimita 0.2 ke nan, ban da gam. Harshen da dā yake shiga cif, yanzu sai an danna, in an danna kuma takarda ta kwaile. Maganin abu biyu ne: ko dai uwar zanenka ta nuna cewa harshe tsirara ake barinsa, ba a manna masa komai, ko kuma ka ware tsagogin wuri guda yadda za ka iya faɗaɗa su gaba ɗaya in kayan aiki ya canja. Mai yanka da na'urar leza kuma ya tuna wutar tana cin wani ɗan siririn abu daga kowane gefe, sai ya yi gwaji ya rage. Gargaɗi ɗaya a nan, don lafiya ce: kada a sa robar PVC a na'urar leza, hayaƙinta guba ne ga huhu, yana kuma cinye ƙarfen na'urar.

Falle bisa falle

Yanzu mun zo zuciyar maganar. Manhajojin zane suna ba ka damar jera aikinka falle-falle, kamar ledoji masu haske da aka ɗora wata kan wata, kowace da abin da aka zana mata. Mai gaggawa yana zuba komai a falle ɗaya. Ranar da aka ce ya canja launin jirgi, sai ya tarar launi ya manne da katako, katako ya manne da inuwa, dole ya koma farko.

Ga yadda nake jera nawa. A can sama layin yanka, da launi guda mai tsawa wanda ba ya cikin adon, kuma a kulle yake, ba mai taɓa shi. Ƙarƙashinsa alamomin wasa: gurbin ƙwayar ludo a kowane ginshiƙi, da gurbin lambar jirgi. Sai rubutu. Sai tuta da tambari. Sai inuwa da haske, waɗanda nake yi da baƙi da fari masu shara-shara, ba da launi ba, don su hau kan kowane fenti su zauna. Sai layukan katako da ɗinkin ƙyalle, su ma ba launi. A can ƙasa kuma launi zalla. Wanda ya jera haka, in yana son jirgin Ingila ya koma na Sifen, falle biyu kawai zai taɓa: launi da tuta. Aikin yini ya koma na minti goma.

Launin kuma kada ya tsaya daidai kan layin yanka, ya tsallake shi. Masu ɗab'i sun saba barin rarar milimita 3 a gefen aiki. A gutsattsarin da suke kusa da juna ko rabin haka ya wadatar. Dalili shi ne reza ba ta bin layi ɗari bisa ɗari. In ba rara, duk inda ta kauce sai farin takarda ya leƙo, jirgi ya fito kamar an yi masa kwalli da alli. Ta ciki ma haka: rubutu da lamba su ja baya daga bakin yanka, kada a fille wa suna kai.

Mu koma kan dama da hagu. Siffa ana juya ta, na faɗa. Ado kuwa ba kowanne ke juyuwa ba. In ka juya gefen da ke ɗauke da sunan jirgi, sunan zai fito a birkice kamar an duba shi a madubi. Shi ya sa rubutu ke da fallensa. Tuta ma tana da ƙa'ida: ɓangaren da ke jikin sanda yana jikin sanda ta kowace fuska aka duba. Akwai kuma wata matsala da mu za mu riga Bature ganewa. Cikin ƙarin da aka yi wa wasan na WizKids akwai na gaɓar Arewacin Afirka, mai jiragen mayaƙan teku irin na Aljiyas da Tunis da Tarabulus, Tarabulus ɗin nan da a dā ayarin fatake ke tasowa daga gare ta su ratsa Sahara har Kano. Mai son rubuta wa irin wannan jirgi suna da Larabci ya lura, wasu manhajojin suna wargaza haruffan, su jera su daga hagu, kowanne a tsaye shi kaɗai. Wanda ya yi karatun allo kallo ɗaya zai yi ya gane. Wanda bai yi ba sai ya buga hakanan yana murna.

Ido, tarihi da tawada

Jirgin Victory, wanda kwamandan jiragen Ingila, Nelson, ya jagoranci yaƙin Trafalgar a cikinsa a 1805, yana nan ajiye a Portsmouth, kuma igwa 104 ya ɗauka a wannan yaƙi. In ka ce sai ka zana kowace taga ta igwa a jikin abin da bai fi yatsa ba, baƙin layi kawai za ka samu. Jirgin wasa daga nisan hannu ake kallonsa. Saboda haka ka rage yawa ka ƙara girma: tagogi kaɗan masu fitowa sarai, katako biyar a maimakon hamsin, bambancin haske da duhu mai ƙarfi. Mai kallo da kansa zai cike sauran.

Tutoci su ma su samu ma'ajiyarsu a cikin uwar zane, kowace da shekarunta. Tutar Birtaniya ba ta samu jan gicciyen nan na karkace ba sai 1801. Tutar Sifen mai ja da rawaya a 1785 aka sa wa jiragen yaƙinta. Kafin nan wasu tutocin suke ɗagawa. Ta Amurka ta fara da taurari 13 a 1777, ta koma 15 a 1795. Wasa ne, ba wanda zai kai ka kotu, amma in ka gyara sau ɗaya a jikin uwa, duk 'ya'yanta sun gaji daidai. In ka yi kuskure a jikinta, shi ma gadonsa za su ci. Kada kuma ku ɗauka jiragen dā duk launin ƙasa ne. Jirgin Vasa na Suwidin, wanda ya nutse a 1628 a tafiyarsa ta farko aka kuma tsamo shi a 1961, binciken ragowar fentin jikinsa ya nuna sassaƙe-sassaƙensa launuka masu haske ƙwarai aka yi musu.

Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi. Firinta kuwa da tawada huɗu take haɗawa. Shuɗin da ke walƙiya a allo yakan fito a dushe a takarda. Don haka ka zaɓi launuka kaɗan ga kowace ƙasa, ka jera su a gefen shafi, ka buga gwaji a irin takardar da za ka yi aiki da ita, ka gyara har ido ya gamsu, sannan ka adana su da suna. Adon ɗigo-ɗigo kuma kada ya gaza ɗigo 300 a inci. Katin da ya kai girman na banki, milimita 85.6 da kusan 54, zai ci ɗigo 1011 a tsawo da 638 a faɗi.

Bari in ba ku labarin wautata. Na taɓa kwana uku ina gyara wani jirgi, na kai wani shago a buga mini. Na dawo gida na yanka, na zo haɗawa da ginshiƙan asali, ko ɗaya bai shiga ba. Na koma ina faɗa, yaron shagon ya ce, "Yallaɓai, ai na ga zanen ya kusa baki, shi ne na sa injin ya daidaita shi da takarda." Taimako ya yi niyya. Laifin nawa ne, da ban bar masa alama ba. Tun daga ranar kowace uwar zane tawa tana da murabba'i mai milimita 50 a kusurwa, da rubutu a ƙarƙashinsa cewa a buga yadda yake, kada a rage kada a ƙara. Kafin reza ta taɓa takarda, rula ta taɓa murabba'in. Wannan ya fi muhimmanci in fayil ya fito daga Amurka, domin takardarsu ta fi A4 faɗi, ta kuma fi ta gajarta, firinta kuwa tana son ta gyara abin da ba a sa ta ba. Mai buga gaba da baya kuma ya sa alamomin haɗuwa a kusurwoyi, ya ɗaga takardar a hasken taga ya ga sun hau kan juna.

Amana

Saura abu biyu, duka na ɗabi'a ne. Na farko, haƙƙin mai shi. Hotunan da ke jikin katunan asali da tambarin kamfani dukiyar wasu ce. Ka koyi awo daga gare su don jirginka ya zauna da nasu a tebur ɗaya, amma adonka ya zama aikin hannunka, kada kuma ka kwafi nasu ka kai kasuwa. Naka kuwa, in za ka bayar, ka rubuta sharaɗinka a fili: a yi amfani, a gyara, a ambaci mai shi. Lasisin Creative Commons don irin wannan aka yi su.

Na biyu, ka yi aikin kamar gobe wani ne zai buɗe shi ba ka nan. Kowane falle ka ba shi suna mai ma'ana. Ka rubuta kaurin robar da ka auna da irin takardar da ka gwada. In ka gyara uwa, ka ba ta sabuwar lamba, tsohuwar kuma ka ajiye. Ka adana kwafi a tsarin SVG, wanda manhajoji da yawa ke buɗewa, kada aikinka ya mutu tare da manhaja ɗaya. Sama da duka, kada ka yi ado a jikin uwa. Ka buɗe, ka kwafa, ka rufe, sannan ka fara. Ranar da ka ce "bari in ɗan gwada ja a nan" ka kuma danna adanawa, ranar ka fara cin uwar kuɗi.

Ɗalibai, ga aikin da zan bar muku. Kada ku fara da jirgi mai ginshiƙi biyar. Ku ɗauki mai ginshiƙi ɗaya, ku yi masa uwa, ku yanka shi a farin kwali ba ado, ku haɗa. In ya tsaya da ƙafarsa, ku fitar masa da 'ya'ya uku masu tuta daban-daban. Sannan ku miƙa fayil ɗin ga abokinku, ku kama bakinku, ku ga ko zai fitar da na huɗu ba tare da ya tambaye ku komai ba. In ya fitar, kun yi uwar zane. In ya kira ku a waya, hoto kuka yi, sai ku koma ku gyara.

Wanda ya zana jirgi mai kyau za a yaba masa a teburin ranar. Wanda ya yi uwa kuwa sau da yawa ba a ma san sunansa ba, alhali duk jirgin da ya hau tebur bayan kamfani ya rufe ƙofa, a kan awonsa ya tsaya.